Tsilar da Ta Sa Inna Ta Kira Sunana

Yau wajen wata biyu ke nan zama ya gagare ni. In na shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar ƙofar gida, kafin ya ɗauki ɗumin jikina na miƙe. In na shiga zaure sai in ji kamar ana nemana a waje. Mai ɗakina ta ce tsufa ne, wai ƙafa ce ta daina kiwo amma zuciya ba ta daina ba. Na bar ta a kan haka. Ba tsufa ba ne. Babban ɗana ne, ɗana na fari, nake kallo yana zuƙewa a gabana, kuma na san abin da ke cinsa kamar yunwar cikina. Magidanci ne da mata da 'ya'ya, yana bin kasuwannin shanu daga Gwaram zuwa Birnin Kudu a kan babur ɗinsa. To mutumin da ke da mata a ɗaki, me zai sa kullum da hantsi ya ɗauki bokiti ya zagaya bayan rumbu yana wanke wandonsa da kansa? Me zai sa ya bar sahun gaba ya koma can kusa da ƙofa, liman na sallamewa ya zare jiki? Yana tashi da malmala uku ta tuwo, amma ƙashin wuyansa sai ƙara fitowa yake. Ni na yi duk waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, tun ban ajiye gemu ba. Kuma na kasa tambayarsa, domin tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai ƙara furta sunan ba.

Yaran yanzu in sun ji haka dariya suke yi. Mu a gidanmu, can rugarmu ta wajen Zandam, ɗan fari ba na iyayensa ba ne a idon mutane. Fillanci ya fara barin bakinmu tun zamanin kakanni, Hausa muke yi, muna noman gero da dawa kamar kowa, amma kunyar ba ta bar mu ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, wadda kowa ke ce wa Tsohuwa. A wurin Inna, mahaifiyata, sunana uku: “wancan”, “mutum”, da “na Tsohuwa”. In ta dama fura sai ta ajiye ƙwaryar a bakin bukka, ta kalli wani gefe ta ce wai mutum ba zai zo ya ɗauki abinsa ba sai ƙuda sun gama da shi? Shi ke nan, ta kira ni ke nan. Baba kuwa nasa ya fi nata, shi gyaran murya kawai yake yi. Yanzu fa? Rannan na ji wata yarinya a maƙwabta tana ƙwala wa ɗanta na fari kira tun daga tsakar gida, suna da laƙabi, har da kirari, alhali surukinta na zaune a zaure. Na ce ikon Allah. Har yanzu ban tantance ko haushi na ji ko sha'awa ba.

Ni dai abin da na sani, duniya ta canza har da ƙararta. A da, abin da ke tashinmu da safe kukan maruƙa ne a jikin dangwali, igiyar nan da ake jera su a ɗaure, suna kiran iyayensu, iyayen na amsawa daga garke. Sai ƙarar tatsa: da fari nonon na dukan gindin ƙwarya da ƙarfi, tsar-tsar, in ta fara cika sai sautin ya yi laushi, ko idonka a rufe ka san lokacin da za a sauya ƙwarya. Sai mata su hau kaɗa nono, sai daka ta kaure ko'ina. Mu samari mu saɓa sanda a kafaɗa, mu rataya hannuwa a kanta, mu kora shanu ta burtalin da a lokacin garke biyu ke wucewa ba su gogi juna ba. Yau gonaki sun cinye burtalin, saniya ɗaya ma sai ta karkace. Inda nake zaune yanzu, nan wajen Sundimina, injin niƙa ne ke tashina, sai babura, sai waya na kuka a aljihun kowa. Shanun da suka rage mana ba su kai a ce musu garke ba.

A duk wancan zama, mutum ɗaya nake buɗe wa cikina, ita ce Tsohuwa. Tsakanin jika da kaka babu kunya, wasa ne. Maigida take ce mini, wai ta yi rashin sa'ar miji, ga ci ga barci. Har fitsarin kwance na yi a shimfiɗarta na faɗa mata da bakina, ta yi mini tsiya son ranta, sannan ta rufa mini asiri. Takan ce in wani abu ya same ni wanda ba zan iya faɗa wa kowa ba, in zo in faɗa mata, ita kunya ta daɗe da zubewa daga jikinta tare da haƙora. Allah Ya karɓi abarsa da kaka, ana cikin yankan gero. Da ta ƙara ko da shekara ɗaya ce, da duk abin da zan faɗa bai faru ba.

A ranin da ya biyo baya, wata karsanarmu ta zame a bakin kwari ta karya ƙafa, aka yi maza aka yanka ta. A irin wannan rana manya na can suna fiɗa, mu samari mun hura wutar kara a gefe. Wutar kara kuwa harshe ne kawai, ba ta da garwashi. Ka yanki tsoka ka jefa, bayanta ya yi baƙi, ka fizge ka kai baki, ciki jajawur yana ɗiga. Wanda ya tsaya jiran nama ya gasu, ranar ya shiga uku da tsiya, a ce haƙoran tsoho gare shi, a ce a je a dama masa kunu. Ni kuwa da ba na son raini, na fi kowa ci. Ba ranar ce farko ba, ba kuma ita ce ƙarshe ba, haka muka taso muna yi, amma ita ce zuciyata ke kamawa. Bayan wata biyu ko uku, muna sallar la'asar a ɗan masallacinmu na zana, Baba na sahun gabana, sai na ji wani abu mai sanyi yana tafiya a cinyata, a hankali, yana gangarawa. Ban san yadda na kai sallama ba. Na zagaya bayan wata sabara na kwance wando, sai ga wani abu fari, mai faɗi, bai fi ƙwayar kabewa ba, yana miƙewa yana tsukewa shi kaɗai. Na san sunansa, don na sha jin manya na ambatonsa ƙasa-ƙasa. Tsila ce, tsutsar da ke kwanciya a hanjin mutum tana cin abin da ya ci, tana sako gaɓoɓinta ɗaya-ɗaya a duk lokacin da ta ga dama. Na tona rami da tsinke na binne abin, na waiga gabas da yamma ko wani ya gani.

Wanda bai zauna da tsila ba ba zai gane ba. Ba irin ciwon da ke kwantar da mutum a zo a gaishe shi ba ne, ciwo ne mai hana sukuni. Ka shanye ƙwaryar fura, kafin shanu su kai mashaya cikinka na ƙugi, yawu na tsinkewa, wani abu na murɗa maka cibiya. Ga jiri in ka sunkuya. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan fargaba. Ba ka san lokacin da za ta sako ba, ko kana cikin samari, ko kana tsugune kana gaida manya, ko kana sujada. Na riƙa ɗaure bakin wandona da zare a idon sawu don kada wani abu ya faɗo a gaban mutane. Na koma wanki kullum a ɓoye. Na daina zuwa dandali. Na daina jam'i, don kullum ina shakkar tsarkina, har aka fara cewa yaron nan ya fara wasa da salla, gyaran muryar Baba ya ƙara kauri. A gidanmu ko lafiyarka ƙalau, abin kunya ne a ga ka ɗauki buta ka nufi daji. Sai ka yi kamar za ka duba maraƙi, ka sha kwana. To ina ga mai irin nawa? Nakan yi nisa, can cikin makiyaya inda ciyawa ta fi duhu, inda na tabbata ba mai zuwa sai shanu.

Da rama ta fito fili aka shiga nema mini magani, kuma wallahi ba wanda ya yi ƙasa a gwiwa. Kowa ya tambaye ni abin da ke damuna, in ce ciki ne. Ciki yaya? Ciki dai. Goggo, yayar Baba, ta duba idona ta ce shawara ce, aka jiƙa mini sassaƙen maɗaci, na sha har ruwan rijiya ma ya koma ɗaci a bakina. Wanzami ya zo ya kafa mini ƙaho a baya, ya zuƙe ɗan jinin da ya rage, ya nuna wa mutane ya ce ga dattin nan ya fito. Wani mai magani a kasuwar Gwaram ya ce basir ne na ciki, ya haɗo gari a sha da kanwa. Malamin rugarmu ya yi rubutu na sha kwana bakwai. Shi kaɗai ne ya kusa kama ni, don ya dube ni ya tambaya ko in na zagaya ina ganin wani abu. Baba na zaune a gefe yana kallon ƙasa. Na ce a'a. Ƙarya na yi wa malami, alƙalaminsa a hannu, don kada mahaifina ya ji abin da ke fita daga jikina. In na tuna yanzu haushin kaina nake ji, ba na kowa ba. Bayin Allah na ta lalube a duhu saboda ni na ƙi buɗe baki. Shekara guda cur muka yi a haka.

Ashe Inna ta sani. Ban gane ba sai daga baya. Na dai lura furata ta canza ɗanɗano, tana wani gardi da maiƙo, ashe 'ya'yan kabewa take ɓarewa ta daka a ciki, don ta ji mata na cewa tsila ba ta son su. Na kuma lura in na dawo kiwo nakan tarar an fitar da tabarmata rana an kakkaɓe, alhali uwa ba ta shiga ɗakin ɗan fari. Wata rana tana tankaɗe ina wucewa, sai ta ce da rariyar hannunta wai shi mutum ba shi da baki ne, ko sai an ɗora shi a makara zai yi magana? Na yi kamar ban ji ba, ita ma ta yi kamar ba ta faɗa ba. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta aika aka kira ƙanenta, Kawu, wanda ya taɓa zama a birni, ta ce ya kai na Tsohuwa asibitin Birnin Kudu.

Ranar kasuwa muka hau motar katako, mu da buhuna da awaki. Ban taɓa ganin gini mai yawan ƙofofi irin asibitin nan ba, ga warin abin da suke wanke ƙasa da shi yana hawa kai. Aka yanka mini kati, muka bi layi. Likita ya danna cikina, ya ja fatar idona ya leƙa, ya tura mu wurin wani malamin asibiti, gajere mai fara'a, mai farar riga, wanda ke zaune da madubin da suke leƙa cuta da shi. Bawan Allahn nan bai yi mini laifin komai ba, aikinsa yake yi. Ya miƙo mini kwalin ashana babu ashana a ciki, da ɗan tsinke, ya ce in zagaya in sako bayan gidana kaɗan in kawo masa. A gaban Kawu. A gaban mata cike da benci. Da irin muryar da za ka ce a miƙo maka ruwa ya faɗa. Na karɓa da hannu biyu, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, na fita ban san inda nake jefa ƙafa ba.

Na wuce ban-ɗakin da aka nuna mini, na ɓulla ta bayan shinge. Ni, in ɗauki ƙazantata da hannuna in miƙa wa babban mutum ya buɗe ya duba? Gara a ce na mutu. Ina tsaye sai ga wasu shanu an koro za a kai kasuwa, wata ta saki kashi a gabana, sabo, yana tururi. To mu kashin shanu ba ƙazanta ba ne. Da hannu muke kwasarsa mu kai gona, a cikinsa muka yi rarrafe, ba mai wanke ƙafa don ya taka shi. Sai zuciya ta ce mini, nonon shanu ka sha ka girma, namansu ka ci, ruwan da suka sha kake sha, duk abin da ke cikinka ai yana cikinsu. Wallahi a lokacin gani nake na yi dabarar da ba a taɓa yi ba. Na ɗiba da tsinke, na rufe kwali, na kai.

Malamin ya buɗe, ya kalla, ya kai hanci, ya ɗago ya kalle ni. Ko madubin bai kai shi ba.

Ya ce, “Samari, wannan majinyacin naka ciyawa yake ci. Koma ka shigo da shi, amma ka riƙe igiyar da kyau.”

Matan benci suka tuntsire da dariya. Shi ma dariyar yake yi, ba ta mugunta ba, har yana miƙo mini wani kwalin yana cewa in je in kawo na gaskiya, ba abin kunya ba ne. Ban tsaya ba. Kawu ya same ni a tasha na haɗa kai da gwiwa. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, na ce ko yanka ni za a yi ba zan koma ba. Haka muka juyo gida, kuma Allah Ya saka masa, ban da Inna ba wanda ya ji labarin.

Damina ta zo ta wuce, wani ranin ya shigo. Zuwa lokacin sai na naɗa zariya sau biyu wando ke zama a ƙuguna. Rannan muna shayar da shanu a rijiya, na jawo guga ya iso rabi, sai duniya ta juya. Da ba don wanda ke kusa ya cafke rigata ba, da ni da gugan mun tafi tare. Aka ɗauko ni ranga-ranga. Daga ranar Baba ya jingine sandata a bayan bukka. Ba wanda ya ce kada in fita kiwo, amma na gane. Mutane suka fara zuwa gaishe ni da irin muryar da ake gaida wanda aka fid da rai da tashinsa. Ina kwance ina jin maruƙa na kuka da safe, garke ya tashi ba ni, gida ya yi tsit sai kaji. In juya nan, in juya can, tabarma ta ƙi ni. Na san maganar da za ta cece ni ba ta fi kalma uku ba, kuma na san ba zan faɗa ba.

Wata safiya, ranar da motar katako ke wucewa, Inna ta fito da mayafin unguwa, ba ƙwaryar nono a kanta. Ta tsaya a ƙofar ɗakina ta juya mini baya, ta ce mutum ya tashi ya sa rigarsa. Na zaci Kawu ne zai sake kai ni, ina shirin cewa a'a, sai na ga ita ce ta yi gaba. Uwa da ɗan fari a hanya ɗaya, ido na ganin ido! Matan ruga suka tsai da daka, taɓare a sama. Goggo ta biyo ta tana cewa me duniya za ta ce, ta bari a nemo namiji. Inna ba ta waiga ba. Baba na tsaye a bakin garke, ya ga komai, ya juya yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. A mota benci ɗaya muka zauna, tana kallon gabas ina kallon yamma. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji hannunta ya tare bayana, ya koma da sauri. Na lura akwai wani ƙulli a haɓar zaninta, ta damƙe shi ba ta sake ba har muka sauka.

Aka sake yankar kati, aka sake bin layi, aka sake tura mu ƙofar nan. Ina hango farar rigar gajeren malamin, na ga ya ɗago ya gane ni, bakinsa ya fara motsin murmushi, sai ƙafafuna suka juya da kansu. Mutumin da ya kasa jan guga, sai ga shi yana sauri. Na ratsa baranda, na sauka tsakar asibiti, ƙofar fita na gabana. Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi, har bango ya amsa. Na tsaya na waiga ina neman wanda ya san ni a Birnin Kudu, don muryar na san ta, sunan na san shi, amma ban taɓa jin su tare ba. Inna ce tsaye a bakin baranda, mayafinta ya zame, mutane cike da wurin kowa ya juyo.

Ta ce, “Dawo nan. Ni na haife ka, ba zan binne ka saboda kunya ba.”

Na dawo kamar maraƙin da aka ja da igiya. Ta shiga gabana har teburin malamin, ta kwance haɓar zani, ta fito da ɗan gora an toshe bakinsa da tsumma. Ta zazzage a kan takardar da ya shimfiɗa. Gaɓoɓin tsila ne, wasu sun bushe sun zama kamar ƙaiƙayi, wasu na safiyar ranar, suna motsi. Daga tabarmata take tsince su, tun bara, tana jiran ranar da mutum zai yi baki. Malamin bai yi dariya ba. Ya ce mata ta gama aikin, ba sai na kawo komai ba.

Maganin da na yi shekara biyu ina gudu, 'yan ƙwayoyi ne da ba su cika tafin hannu ba. Aka ce in tauna su da safe cikina wayam, bayan an jima aka ba ni wani ruwan gishiri mai wanke ciki. Abin da ya fita daga jikina a ranar, ba zan ɓata wa kowa abinci da shi ba. Tsilar dai ta kai tsawon igiyar dangwali, malamin kuma ya tona da tsinke har sai da ya ga kan, don ya ce in kan ya zauna sabuwa take tofowa. Sannan ya zaunar da mu ya yi bayani: daga naman shanu da bai gasu ba take shiga mutum, daga bayan gidan mutum a makiyaya take komawa cikin shanu. Ashe ranar kwalin ashana ba duka na yi kuskure ba. Abin da ke cikina yana cikinsu, kuma ni nake kai musu, can inda ciyawa ta fi duhu. Kafin ruwan shuka na ɗauki sandata. Inna kuwa tun a motar dawowa ta koma kallon gabas. Na koma “mutum”, na koma “wancan”, har Allah Ya karɓi ranta ba ta ƙara kiran sunan ba, ba mu kuma taɓa tayar da zancen ba. An kira ni Malam, an kira ni Alhaji, an kira ni Baba, amma kiran rannan ne har yau nake ji a kunnena.

Yanzu komai ya zo kusa. Titi ya zo, mota na kai mutum Birnin Kudu kafin shayi ya huce, ga kemis a kowace kusurwa, a makaranta ma raba wa yara maganin tsutsa ake yi suna taunawa suna dariya. A rediyo mace za ta zauna ta yi bayanin bayan gida tiryan-tiryan, mutane na cin abinci. Nakan yi tsaki in ce kunya ta ƙare a duniya, kuma da gaske ina kewar zamanin da magana ke da nauyi don ba a cika yin ta ba. Amma in na gama tsakin sai in tuna rijiyar nan da gugan. Abin da ya fi ci mini rai, a duk ƙauyen nan gidana ne kaɗai kunyar ta samu wurin zama. Ni na riƙe ta, na ce gadon iyaye ce. Shekara arba'in da wani abu ina yi wa ɗana gyaran murya, ina ce masa “wancan”, uwarsa ma haka. Inna da za ta zame masa Tsohuwa ta rasu yana rarrafe. Shi kuma ya koya da kyau. Na ga ƙunshin magungunan da yake saya wurin masu lasifika a kasuwa, na basir, na gyambon ciki, na ƙarin jini. Na san abin da yake ce musu. Ciki ne, ciki dai.

Na gwada hanyar Inna ta farko. Na ce da butata, yana ji, wai shi mutum ba shi da baki ne? Ya sunkuyar da kai ya wuce. Na sa uwarsa ta yi wa matarsa magana, matar ta ce ta tambaya, ya ce gajiyar hanya ce. Kullum kuma yana hawa babur da jirin nan, a titin da manyan motoci ke bi. Ni guga na sake, kuma akwai wani a kusa. Shi in ya saki kan babur ba mai cafke rigarsa. In ya fita da safe ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar dawowarsa.

Ina cikin wannan tunani ɗazu na ji ƙarar bokiti. Na tashi daga buzun, na zauna, na sake tashi. Na bi shi har bayan rumbu, abin da ban taɓa yi ba. Yana tsugune ya ba ni baya, yana cuɗa wando da sauri-sauri, wuyansa ya zama siriri. Na yi gyaran murya saboda sabo, ya yi kamar bai ji ba. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba, sai a lokacin na san abin da Inna ta ɗauka a barandar nan. Na kira sunansa. Sunan da ni na zaɓa, na raɗa wa liman a kunne, ban ƙara taɓa shi ba. Bai juyo ba, sai na sake kira da ƙarfi.

Ya miƙe, ruwan sabulu na ɗiga daga hannunsa. Ya kalli hanya, ya leƙa bayan danga, yana neman wanda ya kira shi. Sai da ya gama dube-dubensa sannan idonsa ya sauka a kaina.

Na ce, “Ni ne. Bar wankin nan ka sa rigarka, mota za mu hau zuwa Birnin Kudu. Abin da ke jikinka na yi shi tun ba a haife ka ba, a hanya zan faɗa maka.”